Takaba a Kan Ƙasa Mai Zamewa

Ku gyara zama, ga ta nan tafe. Amma ku sani wannan ba a jin ta a tashi a karkaɗe zane, in na kai ƙarshe ku za ku yi shari'a.

An yi wani ɗan kasuwa, Alhaji Barau, mutumin Gumel, wanda saron kanumfari ya kai shi wata ƙasar tsibirai can gabas mai nisa, inda ake kiran asalatu mu nan muna hirar bayan lisha. Ya tafi da niyyar ya sara ya dawo, sai zama ya yi daɗi. Ya aiko aka kai masa matarsa Tabawa, ya gina gida a wani gari da ke matse tsakanin teku da tudu, suka haifi 'ya'ya uku da suka tashi da Hausa a baki kamar a Gumel aka yanke musu cibi. Da ajali ya zo, a can aka binne shi, Inna Tabawa ta shiga takaba.

Takabar kuwa ta ɗauke ta da zafi irin na mutanen da. Ta shige ƙuryar ɗakinta, ɗaki mai rufin kankare da Alhaji ya riƙa nuna wa baƙi da alfahari, ta ce in ba kewayawa ba, ƙafarta ba za ta tsallake dokin ƙofa ba sai ranar fita.

Babbar 'yarta Shafa'atu ce, tana aure a kan tudu, tana aiki a ofishin masu sa ido kan motsin ƙasa. Da yake 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kallon fuskarta, ba ta kuma shan ko ruwa a gidanta, don gidan suruki ne. Auta ita ce Ramlatu, wadda ta baro ɗakin mijinta ta zo taya Inna zama. Ita kam har kan gadon Inna take hayewa ta tsince naman da ke cikin miyarta. Na tsakiya shi ne Zakari, mai motar ɗauko kanumfari daga gonakin tudu. Tun yana yaro aikinsa ɗaya ne a gidan, kai saƙo tsakanin Inna da Shafa'atu, ko da kuwa suna tsakar gida ɗaya. "Zakari, ce wa waccan ta rage gishiri." Zakari ya juya ya ce, "Yaya, an ce ki rage gishiri." Haka ya girma, har ya yi gemu.

Takaba ta yi nisa kaɗan sai ƙasa ta fara 'yar rawa. Ba irin mai ka da bango ba, 'yan ƙanana ne, sau da yawa a yini, su kaɗa kwanukan Inna a kabad su wuce. Mutanen garin sun saba, ko ɗaga kai ba sa yi. Inna ta ce ƙasa ma ta'aziyya take zuwa.

Sai Shafa'atu ta kira Zakari kan tudu. Ita dai magana take kamar mai taka ƙwai, kowace jimla sai ta sa mata “mai yiwuwa” a gaba, “ba lallai ba” a baya. Ta ce masa a ƙarƙashin tekun nan akwai falalen dutse biyu, kowane ya fi ƙasar Hausa faɗi, ɗaya yana kutsawa ƙarƙashin ɗaya. A wani wuri sun cije, shekara da shekaru ba motsi, ƙarfi yana taruwa. A can ƙasa da nan kuma wani lokaci sukan saki a hankali, su yi ta zamewa mako da makonni ba wanda ya ji. Na'urorinsu da aka kafa a kan duwatsu, waɗanda kullum motsin ƙasa ke turo su wajen tudu, yanzu sun juya suna komawa wajen teku, ƙananan girgizar kuma suna tafe a jere, suna matsowa inda aka cije.

Zakari ya ce shi bai gane ba. Ta ce ya ɗauka ana zare tabarma a hankali daga ƙarƙashin ƙato mai barci. Sau da yawa a zare ta tsaf, ƙato bai motsa ba. Wata rana kuma ya farka.

Ya tambaye ta yaushe. Ta ce ba wanda zai iya faɗa, kuma abin da ya fi yiwuwa shi ne ba abin da zai faru. Amma a hawo da Inna. Ta ce har ta tura mijinta gidan ƙanensa ya zauna, don kada a ce akwai suruki a gidan.

Zakari ya sauko yana tauna saƙon, don ya san tarihinsa. Shekarun baya an yi irin wannan, Shafa'atu ta kwashe gidan duka zuwa tudu, Inna ta ƙi gidan suruki ta kwana a makaranta sauro ya yi biki da ita, ƙasa kuma ta yi shiru abinta. Alhaji har ya rasu yana kiran 'yarsa Malama Mai Duba. Zakari ya durƙusa a bakin ƙuryar ɗaki ya ce, "Inna, Yaya ta ce ƙasa na zamewa."

"Zuwa ina?"

"Wajen teku."

"Ta kai ina yanzu?"

Zakari ya haɗa yatsu biyu ya nuna faɗinsu.

Inna ta dubi yatsun, ta ja carbi ɗaya. "Ce wa waccan, in ƙasar ta iso bakin ƙofa ta yi sallama."

Bai haƙura ba, ya je wurin liman. Liman ya ce mai takaba na iya tashi daga gida in ana tsoron halaka, addini bai ɗora wa kowa zaman jiran rufi ba. Zakari ya kawo wannan da ɗoki. Inna ta tambaya ko bango ya tsage, ya ce a'a. Ko an sa rana, ya ce a'a. Ta ce to ita ba ta ga lalurar da sai an leƙa na'ura ake ganinta ba, kuma ba za ta tsaya gaban Alhaji gobe ƙiyama ta ce ta bar masa ɗaki saboda “mai yiwuwa” ba.

Da saƙon ya koma tudu, Shafa'atu ta kira Ramlatu ta haɗa ta da Zakari. Ta ce tunda an ƙi hawa, abu biyu ya rage. Na farko, a raba Inna da rufin kankaren nan. Na biyu, in aka yi girgizar da mutum ba ya iya tsayawa, ta kuma daɗe, to teku na tafe: kada a jira sanarwa, kada a shiga mota, kada a tsaya a tudun makaranta inda kowa ke taruwa, a yi ta hawa sai an taɓa tankin ruwan gari. Ta sa Zakari ya maimaita. Ya maimaita. Ta ce ya sake. Ya sake yana huci, mai gemu da iyali ana biya masa kamar ɗan makarantar allo. Daga ranar kuwa duk sanda suka haɗu sai ta ce, "Ina za a tsaya?" shi kuma ya amsa a fusace, "Tanki."

Ramlatu tambaya ɗaya ta yi. "Yaya, wannan ƙasar taki, ta yaya take tafiya ba wanda ya ji?"

"A hankali."

"To shi ke nan."

Washegari ta ce ƙuryar ɗaki ta yi duhu, Inna za ta lalata idonta wajen tsintar shinkafa, ta ja tabarma zuwa bakin ƙofa, taku ɗaya. Inna ta bi tabarma. Bayan kwana biyu rediyon Inna, wanda take jin tashar Hausa da shi, ya daina kamawa a ɗaki, sai a baranda. Ramlatu ce ta san abin da ta yi wa eriyarsa. Inna ta tsaya a dokin ƙofa ta tambaya ko baranda cikin gida ce. Auta ta ce, "Haba Inna, har ƙofar waje ai gidan Baba ne, ko akwai inda bai biya ba?" Inna ta tsallaka. Daga nan sai butar shayi ta matsa, sai matashi ya matsa, Inna na bi tana mita. Da ta ga Inna na komawa ɗaki barci, sai Ramlatu ta samo kan kifi ta cusa bayan kabad. Kwana uku ɗakin ya gagari shiga. Inna ta ce ɓera ne ya mutu, Auta ta ce lallai babban ɓera ne, ta yi ta nema da tsintsiya ko'ina ban da bayan kabad. A ƙarshe aka kafa wa Inna gidan sauro a ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa da ke daf da ƙofar gida, wai kafin wari ya fita. Kullum Inna na cewa gobe za ta koma, kullum Auta na cewa sai dai jibi.

Ana haka sai 'yar rawar ƙasa ta tsaya cak. Kwanuka suka yi shiru. Zakari ya hau tudu ya ce wa Yaya to an zare tabarma, ƙato bai farka ba. Ta ce na'urori har yanzu suna tafiya wajen teku. Mai yiwuwa ƙarshen ke nan, ba lallai ba. Zakari ya ce shi ya gaji da kalmomin nan biyu.

Abin da ya fi cin sa kuwa maganar mutane ce. Hausawan garin ba su da yawa, amma sun isa tsegumi. Bayan sallar Juma'a wani dattijo ya ja shi gefe, ya rage murya yadda duk sahu zai ji, ya ce shi ba shiga sharo ba shanu yake ba, amma matar Alhaji Barau guda, tana takaba, ana hango ta daga titi kamar mai sayar da gyaɗa? Zakari ya kwana da maganar a ransa.

Da hantsi ya iso gidan a fusace. Ya shiga ɗakin ya toshe hanci, ya ja kabad, ya fito da kan kifi a kan tsinke, ya ajiye a gaban Inna. Inna ta dubi kifin, ta dubi Auta. Ramlatu ta ce ikon Allah, ashe ɓerayen garin nan har kamun kifi suke yi. Inna ta ce a mayar mata da kayanta yanzu-yanzu. Zakari ya ɗauki matashi da buta, ya nufi baranda.

Bai kai ba. Ƙasa ta yi wani gurnani daga can ƙasa, sannan ta ɗaga su kamar hatsi a faifan bakace. Zakari ya sami kansa a rarrafe, buta na gangarawa. Ya jira ta tsaya kamar yadda aka saba, ta ƙi tsayawa. Yana kallo rufin kankaren ya sauko gaba ɗaya, ya kwanta a kan gadon Inna da kabad da kwanukan, ƙura ta turnuƙe. Rumfar ganyen kwakwa ita ma ta faɗi, amma ganye ne. Inna ta ture shi daga kanta tana salati.

Da ƙasa ta lafa, Zakari ya waiga neman Ramlatu. Takalmanta kawai ya gani a bakin ƙofa, ɗaya nan ɗaya can.

Motarsa na waje, makulli na aljihu, hannunsa har ya kai. Sai bakinsa ya fara biyawa shi kaɗai, ba da shawararsa ba: ban da jira, ban da mota, ban da makaranta. Ya durƙusa a gaban Inna ya ba ta baya, don gwiwoyinta ba sa hawan ko matakala.

"Inna, hau."

"Ina takaba?"

"Ɗakin da ake takabar ya riga mu tashi."

Ta dubi tarin kankaren, ta daɗe tana kallo. Sannan ta kama kafaɗarsa. Ya fizgo zanen shimfiɗarta daga ƙarƙashin ganyen kwakwa ya yafa ya fara ɗaurewa a ƙugu, ta ce, "Ba haka ake goyo ba. Ta sama ake fara ɗaurewa, sannan ƙasa. Wa ya goya ka?"

Bai bi titi ba. Ya bi 'yar siririyar hanyar da masu tsinkar kanumfari ke saukowa da buhuna, wadda ya sani kamar tafin hannunsa. Daga sama yana hango titi ya cushe da motoci, hon na tashi, ba mai gaba ba mai baya. Inna ba ƙaramar mace ba ce. Kafin su kai tudun makaranta numfashinsa ya koma kamar zugazugi. Mutane sun cika filin, wasu da suka san shi suka yi ta kiransa ya sauke tsohuwa ya huta, nan ai an tsira. Inna ma ta ce ya sauke ta haka, jama'a na kallo. Zakari ya so ya sauke. Ya tsaya, ya gyara goyo, ya ce wa na kusa da shi su ci gaba da hawa, ya wuce. Wasu sun bi shi, wasu sun zauna.

Sai da ya dafa tankin da hannunsa sannan ya juya. Teku ya ja da baya har ana ganin ƙasansa, jiragen masunta kwance a taɓo. Can sai ya dawo, baƙi, a tsaye kamar ganuwa. Ya shafe unguwarsu, ya ɗauki motar Zakari ya kai ta inda ba a sake ganinta ba, ya hau tudun makaranta har tagogi. Waɗanda suka haye rufin sun tsira, waɗanda ba su samu ba Allah ya ji ƙansu.

A gindin tankin suka tarar da Ramlatu zaune, ba takalmi, ƙafa duk jini, ta yi kuka har murya ta dushe. Da ta ga Inna sai ta share hanci ta ce ita ta yi gaba ne ta kama musu wuri.

Shafa'atu kuwa ba a gan ta ba sai washegari. Tana ofis lokacin da abin ya faru, kuma ba ta bar kujerarta ba, tana aika gargaɗi garuruwan gaba da ruwan bai kai ba tukuna, ba ta san ko uwarta na raye ba. Da ta iso gida ta tsaya a bakin ƙofa, ta ga bayan Inna a kan darduma. Inna ba ta juyo ba. Ta ce, "Zakari, tambayi waccan ko ta ci abinci."

A gidan tudun Inna ta ƙarasa takaba. Ranar fita, mace kan yi wanka ta cire tsummokaran zama ta ɗaura sabon zane, ta fita a gan ta. Inna ba ta da ko ƙyalle, teku ya gaje ta da ranta. 'Ya'yan nan uku kowa ya tafi a ɓoye ya ɗinko mata atamfa, suka jera a gabanta da safe, ga mata sun fara taruwa a waje. Inna ta fuskanci bango ta ce jiki ɗaya gare ta, kuma zanen da za ta fita da shi a gaban jama'a na wanda ya ceci ranta ne. Su faɗa mata wane ne.

Zakari ya ce magana ba ta da tsawo: baya ɗaya ne ya hau da ita, kuma har yau bayan bai miƙe daidai ba. Da bai zo ba, da ruwa ya tarar da ita zaune a kan ganyen kwakwa tana jan carbi. Ramlatu ta tuna masa abin da ya kawo shi gidan ran nan. Ta ce da ƙasa ta yi masa jinkirin shan shayi guda, da shi da hannunsa ya mayar da Inna ƙarƙashin kankare.

Ramlatu ta ce ita ce ta yi abin da liman da mai na'ura da mai gemu suka kasa, ta fitar da Inna daga ɗakin nan taku-taku, kuma ba a goya wanda rufi ya danne. Zakari ya ce gaskiya ne, ta yi wa uwarta ƙarya safe da yamma tana cikin ibada, ta sa mata ruɓaɓɓen kifi a ɗaki, sannan da wuya ta yi wuya ta nuna wa duniya ƙafarta ta fi ta barewa.

Shafa'atu ba ta yi magana da Inna ba, Zakari ta kalla, shi kuma dole ya isar da hujjar da ke karya tasa. Ta ce ba ta goyi kowa ba, ba ta ja tabarmar kowa ba, ranar ma ba ta nan. Ta taɓa tayar da gidan a banza, wannan karon ma ba ta iya sa rana ba, kuma in aka sake tambayarta gobe, “mai yiwuwa” za ta ce. Sai dai ba don ita ba, da Auta ba ta san rufi abin gudu ba ne, da Zakari yana cikin motarsa a titi, ko yana hutawa a filin makaranta. Ramlatu ta ce sani ba ya ɗaga tsohuwa daga tabarma. Zakari ya ce sani ba shi da gwiwa.

Kowa a ɗakin kuma ya san abin da ba a faɗa ba: in Inna ta ɗauki zanen Shafa'atu, ranar ce ta farko da za ta nuna a gaban mutane cewa waccan ɗin tata ce.

Ruwan wanka yana hucewa, mata suna jira a waje, atamfa uku na ninke a kan tabarma, Inna Tabawa ba ta juyo daga bango ba.

To ku da kuka ji: wadda ta ga abin tafe amma ba ta iya sa masa rana ba, da wadda ta fitar da uwa da ƙarya sannan ta bar ta ta gudu, da wanda ya zo mayar da ita cikin halaka ya ƙare da goya ta zuwa tsira, zanen wa ya kamata Inna ta ɗaura?